Sabar da Ta Ƙi Barira

Ku gyara zama. Wannan a ofis ta faru, ba a dawa ba, kuma sai kun yanke hukunci za ku tashi.

Wani ƙaramin kamfani ne mai tura wa manoma hasashen ruwan sama ta waya. Saƙon yana fita ne daga wata babbar kwamfuta da suke kira saba, kuma ba a shigarta sai ta wata ƙofa da ake kira SSH, da makullin sirri na dogon layin haruffa. Suka ɗauki sabuwar ma'aikaciya, Barira, suka buɗe mata asusun shiga sabar. Kwana biyu tana ƙwanƙwasawa, sabar na cewa ba ta san ta ba.

Manaja, Malam Lawandi, mutum ne da ko gaishe shi ka yi sai ya tambayi dalili. Ya sauke tabarau kan hanci ya ce, “Hmm. Malama Barira. Anya takardun karatun nan naki ne kuwa? In saƙon yau bai fita daga hannunki kafin la'asar ba, to mun gode.”

Tsofaffin ma'aikata uku, Tanimu da Asabe da Sagir, suka kewaye teburinta, kowa na kallon na kusa da shi ta wutsiyar ido.

Tanimu ya fara. Ya buɗe kundin da sabar ke rubuta duk wanda ya taɓa ƙofa, ya bi layi-layi har ya ga an ce wa'adin asusun ya ƙare. Ashe da Asabe za ta buɗe wa Barira asusu, saitin wani da aka sallama bara ta kwafo, har da ranar rufe shi. Tanimu ya goge ranar, ya yi gyaran murya: “Ni dai ban ce da gangan ba ne. Amma ƙanwar wa ta nemi aikin nan ba ta samu ba?” Barira ta gwada. Ƙofa ta ƙi.

Asabe ta ja kujera ta zauna. Ta duba makullin da aka ajiye wa Barira a sabar, ta ga ya karye gida uku, alhali layi ɗaya ake so. Sagir ne ya karɓe shi ta saƙon waya, ya manna shi yadda ya zo. Ta haɗe shi tsaf, ta ce, “Ikon Allah! Shekara shida kana aikin nan, Sagir, yau ne ka manta? Ko teburin kusa da taga da aka ba ta ne har yanzu yake maka ciwo?” Barira ta gwada. Ƙofa ta ƙi.

Ladanin masallacin unguwa ya fara gwada lasifika, la'asar ta gabato. Barira ta soma tattara biro da cajarta cikin jaka.

Sagir, wanda tun ɗazu yake taunar goro, ya ce a ba shi wuri. Ya leƙa folda, wato ma'ajiyar da makullin ke ciki, ya tarar an bar ta a buɗe, kowa na iya shiga ya canza. Tanimu ne ya yi haka jiya, wai don a sauƙaƙa mata, ai duk 'yan uwa ne a ofis. Ita kuwa sabar ta fi Malam Lawandi zargi, ba ta yarda da makullin da kowa ke iya taɓawa. Sagir ya taƙaita izinin ga Barira kaɗai, ya ce, “Malam Tanimu sarkin taimako. Wa ka so ya shiga da sunanta?” Barira ta gwada. Ƙofa ta buɗe, saƙo ya fita, aka kira salla.

Malam Lawandi ya ce aikin Barira ya tabbata. Sai ya juya tabarau kan ukun. “Hmm. Kowa ya ga ɓarnar ɗan uwansa da sauri haka?” Ya ce jibi zai yi tafiyar wata guda, dole ya bar wa mutum ɗaya babban makullin da ke buɗe ko rufe asusun kowa, har da na Barira. Ya miƙa mata takarda ta rubuta suna ɗaya.

Da babu Tanimu asusun na nan a mace, da babu Asabe makullin na nan a karye, da babu Sagir sabar ba za ta yarda ba. Kuma kowannensu shi ya ɗaura igiya ɗaya cikin ukun da suka kusa korar ta.

To, in ku ne Barira, sunan wa za ku rubuta?