Hirar da Injin Isyaku Ya Cinye

Akwai wani direba a unguwar Gwammaja, cikin birnin Kano, a shekarun alif ɗari tara da hamsin, sunansa Isyaku. Yana da babbar mota tasa ta kansa mai bodin katako, yana jigilar gyaɗa da fatu da mutane. Mutumin kirki ne, ba a taɓa kama shi da cin amana ba. Ciwonsa ɗaya ne: bai iya zama ba. Tuwo ma a tsaye yake cinsa, in kuwa liman ya ja doguwar sura, har a sahu za ka ga ƙafarsa tana rawa.

Sannan ba ya ƙaunar ganin bayan wata mota. In aka wuce shi a hanya, ranar ko barci ba ya yi masa daɗi.

Gwaggonsa 'Yardada, ƙanwar mahaifinsa, ita ta raine shi tun da uwarsa ta rasu yana goye. Ba ta taɓa haihuwa ba, shi ne ɗanta. To a wata bazara, bayan tsufa ya fara kama ta, ta ɗaura niyyar aikin Hajji.

A wancan zamani masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa suke tafiya. Mota ta kai su Maiduguri, daga can su bi ayarin da zai yi gabas kafin damina ta rufe hanya. Wani ya dawo bayan shekaru, wani kuwa tafiyar ke nan. Shi ya sa mai niyya yakan bi gida-gida yana neman yafiya kafin ya tashi.

Gwaggo ta fara nata zagayen. Ta je Madabo, ta je gindin Dala, har gidan wata da suka yi shekaru ba sa ga-maciji ta shiga, suka rungumi juna suna kuka. Isyaku kaɗai ta tsallake.

Wata safiya ya tambaye ta cikin raha, “Gwaggo, ni ba za a nemi tawa ba?”

Ta ce, “Kai ba na sa ka cikin wannan zagayen. Kai za ka kai ni Maiduguri, in zauna a gaban motarka, kusa da kai. A hanya za mu yi tamu a tsanake. Tun da ka kama tuƙin nan ban samu na zauna da kai ba, kullum kana bakin ƙofa.”

Ya ce, “In sha Allahu, Gwaggo. Ni da kaina.” Ya faɗa yana neman takalminsa.

Sai dai motar ta gaji. Tana hayaƙi, tana shan ruwa, in ta zo hawa sai ta yi ta nishi. Ya kai ta wajen Baba Mailafiya, wani dattijon makanike da ke aiki ƙarƙashin durumi a bakin Ƙofar Dawanau. A soja ya koyi aikin lokacin yaƙin duniya, kuma mutum ne mai sanyin hali har yakan ba Isyaku haushi.

Aka sauke inji. Baba Mailafiya ya ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kan murfin injin, wanda suke kira top silinda, ya duba ta ƙasa ya ga haske yana wucewa.

Ya ce, “Zafi ya lanƙwasa shi kaɗan. A kai Fagge wajen mai injin goge ƙarfe, ya ɗan shafe shi ya daidaita. Mu sa sababbin ringi da gasket, shi ke nan. Za ta kai ka Maiduguri ta dawo da kai.”

Isyaku ya tsuguna kusa da shi, ya rage murya. “Baba, wani direban Ikko ya gaya mini in aka zabge top silinda da yawa, ɗakin wutar sai ya matse, inji ya ƙara ƙarfi, mota ta riƙa tashi sama.”

“Gaskiya ya gaya maka. Amma ya gaya maka irin man da yake sha?”

“Mai ai mai ne, Baba.”

“A'a. Injin da aka matse, mai mai kyau yake so. Kai kuwa da ka wuce Wudil, na garwa za ka saya, wanda rana ta gama dafa shi, wani ma an tsarma masa kananzir. Ka zuba wa matsattsen inji wannan a zafin bazara, da lodi a bayanka, wuta za ta riƙa kamawa kafin lokacinta. Za ka ji yana ƙwanƙwasa daga ciki. Daga nan sai abin da hali ya yi.”

To me ya kawo wannan ƙaiƙayi duka? Ilu ne. Wani direba ne ɗan Madabo, shi ma zai kwashi maniyyata zuwa Maiduguri, kuma rana ɗaya za su tashi. Motar Ilu tsohuwa ce, Isyaku “kunkuru” yake kiranta. Amma kwanakin baya, Isyaku yana tsaye yana ba motarsa ruwa, kunkurun nan ya zo ya wuce shi, Ilu ya leƙo ya ɗaga masa hannu yana murmushi. Wallahi gaisuwa ce kawai. Shi kuwa Isyaku ya ɗauke ta ya ajiye a ƙirji kamar garwashi.

Bai tsaya a nan ba. Ya shiga wajen masu tsofaffin ƙarafa ya tono wani kamshaf, wato sandar nan mai tozo-tozo da ke buɗe bawul, ƙofofin iskar inji, tana rufewa. Nasa tozon ya fi na ainihi tsawo. Ya kawo shi a kafaɗa yana washe baki.

Baba Mailafiya ya juya shi a hannu, ya ajiye a ƙasa. “Isyaku, ka zabge murfi ya sauko, ka kuma sa sandar da za ta tura bawul ƙasa sosai. Fistin yana hawowa, bawul yana sauka. Ina kake so su wuce juna? Wannan motar kaya ce, ɗana, ba ta tsere ba. Kuma tsohuwa za ka ɗauka.”

“Baba, ku dai mutanen da, komai tsoro.”

Dattijon bai yi fushi ba. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, “Ga inuwa nan, ga sifana nan, ban hana ka ba. Amma hannuna ba zai taɓa wannan aikin ba.”

Isyaku ya ce ai shi ma ba yau ya fara ganin cikin inji ba. Ya ɗauki top silinda ya kai Fagge aka shafe. Ya dawo ya dube shi, ransa bai kwanta ba, ya sake mayarwa ya ce a ƙara. Mai injin ya tambaye shi ko ya tabbata, ya ce shi da kayansa.

Daga ranar Gwammaja ta daina ganinsa. Da asuba ya fita, sai bayan isha ya shigo, jikinsa duk baƙin mai. Ya ɗaura, ya kwance, ya sake ɗaurawa. A gida kuwa mata suna ta zuwa sallama, ana daka dakuwa da garin yaji na guzuri, ana ɗinke wa Gwaggo jakar tafiya. Ita kuwa da ta ji motsi a zaure sai ta ɗaga kai.

Wata rana ta tare shi da ƙwaryar fura. “Zauna ka sha, ko na ga fuskarka.”

Ya karɓa ya kafa kai a tsaye. “Gwaggo, bari in gama da injin nan. Ai muna da hanya, hira har sai kin gaji.”

Ta karɓi ƙwaryar ta ce, “To, Allah ya kai mu.”

Ranar da ya tada injin, har masu wucewa ta ƙofar gari suka tsaya kallo. Ƙara ce mai kauri, ƙasa tana girgiza. Ya fita da motar ba kaya a sanyin safiya, ya taka ta a hanyar Dawanau, ta tafi kamar an harba ta. Ya dawo yana dukan sitiyari don murna.

Baba Mailafiya ya matso ya kasa kunne a jikin bonet, ya daɗe. Ya ce, “Tunda ka riga ka yi, ka ji abu ɗaya. Sabon ɗauri lallaɓa shi ake yi. Ka tafi a hankali, ka riƙa tsayawa yana hucewa. Ko Ilu ya wuce ka, bar shi ya wuce.”

Da bai ambaci sunan Ilu ba, wataƙila da an ji maganarsa.

Ranar tafiya unguwa ta fito rakiya. Aka yi addu'a, aka shafa, aka yi koke-koke. Maniyyata suka hau baya da buhunansu da tulunansu, motar ta zauna sosai. Gwaggo ta hau gaba da sabon mayafinta, ta gyara zama kusa da ɗanta, fuskarta cike da farin ciki.

Ilu ya riga su fita. Wannan kaɗai ya isa ya hana Isyaku sukuni.

Suna barin ganuwa Gwaggo ta fara, “Ka san ranar da aka miƙo mini kai...”

“Gwaggo, ɗan dakata, in kamo mutumin nan tukuna.”

Ta mai da ido kan hanya. Ya taka mota. Kafin Wudil ya hango ƙurar Ilu, ya matsa, ya danna ham, ya wuce shi, har da leƙowa ya ɗaga masa hannu. Na baya suna ta salati, shi kuwa dariya yake.

“To ka wuce shi,” in ji Gwaggo. “Yanzu sai mu yi magana?”

“Bari in ba shi rata, kada ya kamo mu.”

Bayan sun haye gadar Wudil ya ƙara mai daga garwa, bai ko bari injin ya huce ba. Rana ta take. Can sai ga wata 'yar ƙara daga cikin inji, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Isyaku ya ji ta sarai. Ya dubi madubi, ya ga kamar ƙura tana tasowa a baya, ya ƙara takawa.

Gwaggo ta sake buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. “Yi shiru, Gwaggo, ina sauraron inji.”

A wani ɗan hawa kafin Birnin Kudu aka ji ƙara guda mai ƙarfi. Motar ta yi tsalle, farin hayaƙi ya turnuƙe, ta mutu a tsakiyar hanya. Ya diro ya buɗe bonet, ruwa da baƙin mai suna tsiyaya a ƙasa. Ya sa hannu ya murɗa, inji ko motsi. Bawul ya haɗu da fistin, inji ya buga. Wannan ba gyaran bakin hanya ba ne, kuma ayarin Maiduguri ba zai jira kowa ba.

Maniyyata suka sauko suka yi cirko-cirko a rana. Wasu suna faɗa, wasu suna kuka. Gwaggo ta samu gindin wata ƙaya ta zauna da jakarta a cinya.

Sai ga kunkuru ya ƙaraso a hankali. Ilu ya tsaya, ya sauko, ya leƙa injin. Bai yi dariya ba, bai yi habaici ba, kuma wannan ya fi yi wa Isyaku ciwo.

Ya ce, “Sannu, Malam Isyaku. Allah ya sa iyakar wahalar ke nan. Zan matsa su a tawa, mu lallaɓa. Amma a yi sauri, ba na kashe ta, in ta mutu da zafi tashinta aiki ne.”

Aka hau kwashe kaya a gurguje. Gaban motar Ilu akwai wani malami marar lafiya, don haka a baya aka samar wa Gwaggo wuri, kan buhuna, cikin cunkoso. Isyaku ba zai iya binsu ba, babu wurin ko ƙafa ɗaya, ga motarsa yashe a daji.

Shi ya ɗaga Gwaggo ya ɗora ta. A lokacin ne abin ya faɗo masa, ya riƙe hannunta ya kasa saki.

“Gwaggo, ki yafe mini. Don Allah ki yafe mini.”

Ta ɗora tafinta a kansa, duk da baƙin man da ke jikinsa. “Na yafe maka duniya da lahira, Isyaku. Ni ma ka yafe mini. Hirar ce dai ba mu samu ba.”

Ilu ya sa giya. Isyaku ya bi motar da gudu yana riƙe da katakon baya, har ƙafarsa ta gaza ya saki. Ya tsaya a tsakiyar hanya yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana kallon mayafinta har ya daina ganinsa. Abin tausayi, motar a hankali take tafiya, ya daɗe yana hangen ta.

Da alhazai suka fara dawowa, duk motar da ta shigo daga gabas sai ya je ya tare ta. Daga ƙarshe wata 'yar Madabo da suka tafi tare ta zo har Gwammaja ta yi sallama. Ta ce Gwaggo 'Yardada ta sauke farali lafiya, ta ziyarci Madina, a can zazzaɓi ya kama ta, a can aka binne ta.

Isyaku ya tambaye ta ko Gwaggo ta bar masa wani saƙo.

Matar ta ce, “Ba ta ba ni saƙo ba. Amma tun daga Maiduguri har Makka labarinka take ba mu, tun kana goye. Mu muka sha hirar.”

Darasi: Kada son a ce ka fi wani ya sa ka matsa wa abin hannunka fiye da ƙarfinsa, kuma kada ka raina gargaɗin wanda ya san aiki don kawai bai yi daidai da son ranka ba. Inji in ya buga ana sake ɗaura shi, amma zaman da ka ɗage da tsohonka ba ka da tabbacin za a sake ba ka shi. In kana da uwa ko uba ko gwaggo da ke cewa ka zo ku zauna, ajiye abin da kake yi ka je yau. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman wanda kuka san kullum yana bakin ƙofa.