Kyautar Fadama ga Mai Inabin Tudu

An ce wani sarki, a wata ƙasa mai duwatsu, aka kawo masa baƙin inabi ƙanana, ya ɗanɗana, ya ji zaƙin da bai taɓa ji ba. Ya tambaya ko wane ne mai gonar, aka ce wani tsoho ne, Hambali, can kan tudun tsakuwa inda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Tausayi ya kama sarki. Nan take, ba tare da ya nemi jin ta bakin kowa ba, ya yi umarni a ba tsoho fadama a bakin kogi, a tumɓuke itatuwansa a mayar can, tudun kuma a bar wa masu fasa dutse.

Labari ya iske Hambali. Shekara arba'in yana datsar itatuwan nan, ya san halin kowanne, ga shi jibi za a sa musu diga. Kyautar sarki kuwa ba a mayar da ita. Ya cika ƙorai biyu da inabi, ya gangara fada.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, wane laifi na yi?"

Sarki ya ce, "Laifi? Ai sakayya na yi maka, tsoho."

"To, Allah ya ba ka nasara, ga 'ya'yan uwa ɗaya a ƙorai biyu. An zalunci ɗaya. Ka duba mini wanne ne."

Sarki ya ɗauki na farko, manya masu sheƙi, ya tauna, ya yamutsa fuska: ruwa ne zalla da tsami. Na biyu kuwa ya gane su tun kafin su kai baki. Ya ce, "Manyan nan aka zalunta. Me aka hana su?"

Hambali ya ce, "Ba a hana su komai ba, ya sarki, ba su aka yi ta yi. Reshen itacena ne, ƙanena ya dasa a fadama. Ya sami ruwa a bakinsa, sai ya ɓuge da ganye. Na tudu kuwa saiwarsa sai ta ratsa tsakuwa kafin ta sha, rana ta gasa shi, sanyin asuba ya tsare masa zaƙi. Fadama tana da nata irin, farin nan mai son laima. Nawa ba ya cikinsu, ni ma haka."

Sarki ya daɗe yana kallon ƙoran nan, kunya ta rufe shi. Ya aika a dakatar da masu diga, sannan ya ce wa waziri, "Na kusa kashe gonar mutum ina jiran godiyarsa. Rubuta ka ajiye: mai mulkin da ya yi alheri bai tambaya ba, da azzalumi tafiyarsu ɗaya."