Igiyar da Lado Ya Gani a Gonar Gado

Akwai wani saurayi, Lado, ɗan garin Malikanchi, da ya dawo gida zamanin mulkin soja bayan shekaru a Legas.

Ya tarar komai ya sauya. Sabulu da madara sai an bi layi a Ikara, soja na tsaye da bulala. Mahaifinsa ya rasu. Ƙanwarsa Ummuhani, da ya bari 'yar mitsitsiya, har ta kai aji shida.

Shi kuwa abu ɗaya Legas ta koya masa: kada ka yarda da kowa.

Rannan da rani ya leƙa gonarsu ta gado, sai ga turaku a kusurwoyinta huɗu, an ja igiya ta ratsa gonar a karkace. A garinsu kuwa ba a jan igiya a gona sai za a raba ko za a sayar.

Da ya ji aikin Malam Barnaba ne, malamin firamare, ko mahaifiyarsa Inna Adama bai tambaya ba. Ya tumɓuke turakun, ya nufi ƙofar mai gari.

"Ranka ya daɗe, sun ga ba na nan, za su cinye gonar marayu!"

Aka kira Malam Barnaba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, makaranta ba alli, ba takarda. Inna Adama ce ta ara mini gonar kafin damina, in koya wa yara lissafi. Ga 'yarta nan."

Ummuhani ta ce, "Yaya, gonar kusurwa huɗu gare ta. In aka ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, ta zama alwatika biyu. Kowace digiri ɗari da tamanin, ka haɗa, ɗari uku da sittin. Rabon da muka yi ke nan."

Mai gari ya ce, "To Lado, kai kasonka digiri nawa za a ba ka?"

Wuri ya kaure da dariya, ban da Malam Barnaba.

"An kira ni ɓarawo a bainar jama'a," in ji shi. "Ƙafata ba ta ƙara taka gonar nan."

Bai kuwa ƙara ba, ga jarrabawa ta matso. Ummuhani ta daina gaishe da yayanta, yaran gari suka laƙaba masa Yaya Alwatika. Kafin ranar kasuwar Makarfi, Lado ya fara ɗaure jakarsa zai bar gari.

Darasi: Zargi ba hujja ba ne. Kafin ka kai ƙarar mutum, ka tambayi na gida. Ku tura wa duk mai saurin zato, ko zai tsaya ya tambaya.