Durumin Iya Gude

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu ji ta, Goggo.

To ku matso kusa, yau muryata ba ta zuwa nesa.

Wata tsohuwa ce, wai ita Iya Gude, da mijinta Malam Cindo. Gidansu ne na ƙarshe a gari, daga shi sai fako. Malam Cindo farke ne a da. Shekara talatin yana bin jakuna zuwa arewa, har ƙafafunsa suka gaji, suka daina ɗaukarsa. Kullum da safe Iya Gude takan jawo shi bisa buzu zuwa bakin ƙofar ɗaki. Nan zai yini yana kallon ɗan lambun da take shuka yakuwa da kuɓewa. Da damina da abin gani. Da rani kuwa sai ƙasa tsura.

Ran nan ya ce mata, "Gude, na ga busasshen abu a duniya har ya ishe ni. Da za ki dasa mini itace guda a nan, wanda ba ya zubar da ganye. Ba don 'ya'yansa ba, don ido kawai."

Ita kuwa ba ta san itatuwa ba. A cikin birni ta tashi, sana'arta kaɗi. Rijiya kuma tana can bayan kasuwa, tulu ɗaya sai ta huta sau uku a hanya. Amma ta ce to.

Ashe Kurege na bayan danga yana ji. Ya kuma san akwai gyaɗa a rumbun gidan. Washegari sai ga shi da ɗan dashe a kafaɗa. Lokacin damina ta zauna, ko'ina shar.

Ya ce, "Iya, ga gurjiya. Furenta ja wur, ganyenta kuwa bai san hanyar ƙasa ba."

Ta ce, "Ka tabbata?"

Ya ce, "Duba da idonki. Kin ga wanda ya faɗi?"

Ta duba, ba ta gani ba. Ta ba shi ƙoƙon gyaɗa, ta dasa gurjiya. Ruwan sama ya ɗauke, ta shiga jigilar tulu. Ba a jima ba ganye ya fara zuba. Ta zaci ƙishi ne, ta ƙara zuwa rijiya, safe da yamma. Kafin bazara gurjiya ta tsaya tik, kamar sandar makiyayi. Malam Cindo ya dubi gurjiya, ya dubi matarsa.

Da damina ta zagayo, sai ga Kurege. Ta nuna masa ba ta ji daɗi ba. Ya rantse laifinta ne, wai ta cika wa gurjiya ruwa. Ya sauke wani dashen, ya ce wannan kuka ce, uwar itatuwa, ƙiba kawai take yi, ba ta san rani ba. Iya Gude ta dubi ganye, ga shi kore. Ta ba shi ƙoƙon gyaɗa, ta dasa.

Goggo, ba ta kore shi ba?

Da wane ƙarfi? Ku dai saurara.

Ta sake shiga jigilar tulu. Wuyanta ya sage, tafin ƙafarta ya tsage. Rani na shigowa kuka ta tuɓe, ta bar 'yan rassa kamar yatsu. Da Kurege ya zo, ya ce wannan karon kuma ta rage ruwa ne.

Iya Gude ta ce, "Na gane abin. Da damina kowa kore ne. In kana da gaskiya, ka kawo mini naka a tsakiyar bazara."

Kurege ya sosa kunne, ya ce ba komai. Bazara ta tsananta, ƙasa ta ɗau zafi har kaji na buɗe baki, sai ga shi da ɗan gawo, ganye lif. Iya Gude ta yi murna. Ƙoƙo biyu ta ba shi. Dashen bazara kuwa wahala ne, sau uku take zuwa rijiya a yini. Malam Cindo yakan ce ta bari haka nan, ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba. Gawo ya kama. Hadari ya haɗo, aka yi ruwan fari, duniya ta yi kore. Sai gawo ya kakkaɓe ganyensa kaf, ya tsaya da ƙaya tsirara, don shi haka halinsa yake.

Iya Gude ta fita ƙofar gida, ta kifa tulu, ta zauna a kai. Ba ta yi kuka ba, gajiyar ta wuce nan. Tana zaune sai ta ga wani abu yana tahowa a hankali, yana jan reshe a baki. Ashe tsohon Kunkuru ne. Ya ajiye reshen, ya daɗe yana haki kafin ya yi sallama.

Ya ce, "Tun ranar da na ji kin dasa gurjiya na taso in ce miki kada ki wahala. Sai yau Allah ya yi isowata."

Ta ce, "Sannu da hanya, Malam. Ni kam na haƙura. Duk wanda aka kawo, kore nake ganinsa."

Ya ce, "Rana ɗaya kike ganinsa. Wannan reshen durumi ne. Shekara arba'in ina kwance ƙarƙashin uwarsa, rani da damina, ban taɓa rasa inuwa ba."

Ta tambaye shi ƙoƙo nawa. Ya ce shi ba shi da haƙoran gyaɗa, ta dai ba shi ruwa ya sha. Da ya sha, ya gaya mata yadda za ta yi. Ya ce ta haƙa rami zuwa gwiwa, nesa da katanga, don saiwar durumi ba ta jin kunyar gini. Ta zuba tsohon taki, ban da ɗanye. Ta kewaye gindin da toka saboda gara, ta kafa shingen ƙaya saboda awaki. Sannan ya tambaye ta ko tana da tsohuwar tukunya mai tsaga. Ta ce tana da ita, har ta yi niyyar yarwa. Ya ce ta binne ta kusa da reshen, bakinta a waje. In rani ya zo ta cika ta, ta rufe da sakaina. Tukunya za ta riƙa shayar da shi sannu sannu, ita kuma sai bayan kwana uku ta koma rijiya dominsa.

Haka ta yi. Kwana bakwai, reshe shiru. Kwana ashirin, shiru. Sai ran nan ga ɗan toho, kamar kunnen ɓera.

Kurege ya ji labari, ya ga kasuwarsa ta mutu. Ya faki ido da tsakar rana, ya zo zai tone reshen. Ya kutsa ta shinge, ƙaya ta karce shi tun daga kafaɗa har cinya. Ya juya, ta karci ɗaya gefen. Ya faɗa cikin toka yana birgima, ya fita da gudu. Shi ya sa har yau kuke ganin farin zane a haƙarƙarin kurege.

Ruwa ya ɗauke. Gurjiya ta zubar da ganye, kuka ta zubar. Iya Gude takan leƙa durumi kowace safiya. Ganye tara ne, tana ƙirgawa. Rani ya yi nisa, tara. Bazara ta zo da zafinta, suka zama sha biyu, masu faɗi, masu sheƙi. Damina ta sauka, ba wanda ya faɗi.

A shekara ta uku inuwarsa ta kai faɗin tabarma. Ta jawo Malam Cindo ta kwantar da shi a ciki. Ya daɗe yana kallon sama ta tsakanin ganye. Ta sunkuya za ta ɗauki tulu, sai ya riƙe bakin zanenta.

Ya ce, "Gude, inuwar ta ishi mutum biyu. Zauna."

Ta zauna. Ta jingina da gindin itacen, barci ya ɗauke ta da rana tsaka, shi kuma yana kore mata ƙuda da mafici.

To kun ji. In za ku dasa itace, kada ku yarda da ganyen rana ɗaya. Ku gan shi da rani, ku gan shi da damina, ko ku tambayi wanda ya daɗe a ƙarƙashinsa.

Ta ƙare, Goggo?

Ƙurunƙus, ta ƙare. Ni ma ku bar ni in miƙe ƙafa.