Harshen Saniya da Kwabon Gizo

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta iso mu ji ta, Baba Malam.

Ku yi mini haƙuri, jikokina, rabin wannan tatsuniya ya zube mini a hanya. Sunan garin ya tafi, wanda ya ba ni ita ma na manta fuskarsa. Ban sani ba ko a ƙasar Katsina na ji ta, ko can wajen Damagaram. Abin da ya rage shi zan ba ku.

Wata tsohuwa ce ana ce mata Gwamma. Ba kowa a gidanta sai dabbobi uku: zakara, da rago, da wata farar saniya. Nonon saniyar nan shi ne cinta, shi ne shanta. Ɗanta da ke birni ya aiko mata da talabijin da 'yar sola, don ta rage kaɗaici. Gwamma kuwa ta ɗauka mutanen da ke cikin akwatin baƙinta ne. In sun yi sallama ta amsa, in namiji ya fito ta ja mayafi.

Ran nan da tsakar rana, lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa, gari ya yi tsit, ko kaza ba ta tono. Sai talabijin ta kunna kanta. Ga wani mutum cikin babbar riga, rigar tana motsi a wuraren da hannu bai kamata ya kai ba. Gizo ne, amma Gwamma ba ta gane shi ba.

Ya dube ta ido cikin ido, ya ce, "Hajiya, barka da hutawa."

Gwamma ba ta taɓa zuwa Makka ba, amma sunan ya yi mata daɗi. Ta ce, "Barka kadai, Alhaji."

Gizo ya ɗaga wani kwabo, haskensa ya cika ɗakin. Ya ce, "Zinariya ce tsantsa, Hajiya. Ba ta ciwo, ba ta mutuwa, ba ta cin dusa. Kaɗan suka rage, gobe babu. Kawo abin da kike da shi kawai. Amma sharaɗi ɗaya: kada ki nuna wa kowa, ko maƙeri. Kin san bakin mutane. Ki naɗe shi a tsumma, ki sa a tukunya, ki rufe."

Gwamma ta gyaɗa kai. Duk maganarsa wannan ce ta fi shiga kanta, don tun tana yarinya aka koya mata cewa abin arziki ba a baje shi a gaban ido.

Kafin ta miƙe, ga wani mai babur a ƙofar gida. Babur ɗin ba ƙara, mutumin ya rufe fuska, kuma duk zafin ranar nan ba shi da inuwa ko ta tafin hannu. Ya nuna zakara.

Zakara ya ce, "Inna, wa zai tashe ki sallar asuba?"

Ta ce, "Rufe mini baki, mai surutu. Masu zinariya agogo suke saye."

Mai babur ya miƙa mata kwabo, ya tafi da zakara. Da ta duba, sai ga hoton zakaranta a jikin kwabon, har tsagar da ke zankonsa. Duk da haka ta naɗe shi ta sa a tukunya.

Washegari da tsakar rana talabijin ta sake kunna kanta. A bayan Gizo ga zakara rataye cikin farar yana, idonsa buɗe, ba ya ƙiftawa.

Gwamma ta ce, "Ikon Allah, zakarana a talabijin! Amma me ya sa ba ya motsi?"

Gizo ya ce, "Daɗi ne ya yi masa yawa, Hajiya. Kwabo ɗaya kuwa maraya ne, a samo masa ɗan'uwa."

Mai babur ya iso, ya nuna rago.

Rago ya ce, "Inna, ba ni kika ajiye wa layya ba? Ga gidan Barmo maƙeri nan a bayan masallaci. Ki kai masa ya duba mana."

Ta ce, "In kai wa Barmo, kafin la'asar duk gari ya ji? Wuce, sarkin taurin kai."

Aka tafi da rago, aka bar mata kwabo mai hoton rago, da karyayyen ƙahonsa na hagu. Ranar nan duk sanda ta gifta kusa da tukunya sai ta ji kamar ana kuka a ciki, can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya.

Rana ta uku ba ta ko shiga ɗaki ba, muryar ce ta fito ta same ta a tsakar gida. "Hajiya. Hajiya Gwamma. Saura ɗaya ki huta har abada."

Ta leƙa. Zakara da rago suna rataye a bayansa, kuma kusa da su an saƙa wata yana babba, ba kowa a cikinta tukuna.

Mai babur yana tsaye riƙe da igiya. Ya miƙa mata kwabo na uku. Tun ba ta ce ta yarda ba, hoton saniyarta yana jiki.

Gwamma ta dubi saniyarta. In saniyar nan ta fita, gobe ba nono, ba abin kai wa kasuwa, ba mai numfashi a gidan sai ita. Amma an ce gobe babu, kuma an ce mata Hajiya.

Saniya ta ce, "Inna, shekara tara kina tatsata, ban taɓa harbinki ba. Ba zan yi gardama ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ko kanwa aka kawo mini sai na lasa kafin in yarda da ita. Bari in lashi abin da aka musanya ni da shi."

Gizo ya daka tsawa daga ɗaki, "Kada a taɓa!"

Tsawar nan ce ta sa Gwamma ta tsaya. Ta ce a ranta, mai kayan kirki me zai tsorata da harshen dabba? Ta miƙa tafin hannunta.

Kun san harshen saniya, kaushi gare shi kamar dutsen goge kaushi. Ta lasa sau ɗaya, haske ya dushe. Ta lasa na biyu, hoton ya goge. Ta lasa na uku, sai ga baƙin ƙarfe, irin wanda ake yin murfin kwalba da shi.

Gizo ya yi salati. Ya ce, "Kin gani, Hajiya? Ai na gaya miki. Baki ya kama shi!"

Gwamma ta kusa yarda. Sai ta shiga ɗaki, ta buɗe tukunya, ta kwance tsummokaran, ta fito da sauran biyun. Saniya ta lashe su, su ma baƙi ƙirin.

Ta tsaya a gaban akwatin ta ce, "Waɗannan fa, Alhaji? A rufe suke, ko ƙuda bai gan su ba. Bakin wa ya kama su?"

Gizo ya ci gaba da kallonta. Murmushinsa bai ragu ba ko kaɗan. Ta fizge wayar sola, amma hoton bai ɗauke ba. A hankali ƙafafu suka riƙa fitowa daga cikin rigar, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗauke idonsa daga kanta, ya juya wajen bango, kamar mai leƙen gidan gaba. Gilashin ya yi baƙi. Da ta fito, ba mai babur, ba sawun taya, sai igiya yashe a ƙasa.

Can sai ta ji muryar ta tsallako katanga daga gidan maƙwabciyarta Yalwa: "Hajiya, barka da hutawa."

Gwamma ba ta nemi takalmi ba. Ta damƙe baƙaƙen kwabban a hannu, ta kama saniyarta, ta fita tana ƙwala kira, "Yalwa! Kada ki amsa! Fito ki ga abin da na ɓoye!" Daga nan gida gida ta bi, tana nuna wautarta da hannunta, har gidan Barmo maƙeri.

Zakara da rago ba su dawo ba. A shekarar ba ta yi layya ba, asuba kuma sai kiran ladan ke tashinta. Amma da yamma ta tatsi saniyarta, ƙwarya ta cika.

To, jikokina, duk mai sayar muku da abu ya ce ku yi sauri, kuma kada ku nuna wa wanda ya sani, ba bakin mutane yake jiye muku ba, asirinsa yake rufewa. Ku tambaya kafin ku saki abin da ke ciyar da ku.

Kungurus, kan kusu ya gangara.

Af, saura abu ɗaya, wannan kam ban manta ba. Na taɓa zama a rumfar wani maƙerin zinariya, na tambaye shi yadda ake gane ta gaske. Ya ɗauko zobe na gaske, ya sa magagari ya goga a gabana har ya yi rami. Launin da ke waje, shi ne a ciki.