Mai Gidan da Yake Cewa Amin In An Kawo Wuta

Akwai wani mai gida, mutumin kirki, mai sakin fuska, sai dai bakinsa ya fi aikinsa sauri. Kowace Lahadi in an tashi sujada, yakan tsaya a ƙofar majami'a yana cewa, "Ni a gidana talabijin ado ce kawai. Da yamma nakan tara yarana in karanta musu Littafi Mai Tsarki, har sai sun roƙe ni in ƙara. Ƙaramarsu ma, Keziya, da ayoyi ta fara magana."

Ana nan sai ikkilisiya ta tashi zaɓen dattijo, sunansa ya shiga baki. To, al'adar faston wurin ita ce, ba ya amincewa da mutum sai ya ci tuwo a gidansa. Ranar Asabar da la'asar sai ga shi ya yi sallama.

Mai gida ya riga ya rufe talabijin da zanen matarsa, ya jera yara uku a tabarma kamar an wanke su an shanya. Bayan an ci an sha, fasto ya ɗora Keziya, 'yar shekara biyar, a gwiwarsa.

"'Yata, yi mini waƙar da kuka fi yi a gidan nan."

Keziya ta sauko, ta riƙe ƙugu, ta rera tallar sabulun wanki daga farko har ƙarshe, da rawarta. Yayyenta suka amsa mata, ba wanda ya yi kuskure.

Mai gida ya yi tari. "Baba Fasto, a maƙwabta suke kwaso wannan. Kullum ina faɗa."

"Haka yara suke," in ji fasto. "Keziya, Baba yana karanta muku Littafi?"

"Yana karantawa."

Mai gida ya gyara zama, ya dubi matarsa.

"Yaushe yake karantawa?" in ji fasto.

"In an ɗauke wuta. In an kawo, sai ya ce Amin, ya ce a miƙo masa rimot."

Matar ta shige ɗaki da kwanuka, tana danne dariya.

Ga abin da misalin nan yake nufi, 'yan'uwa. Mai gidan ba mugu ba ne, yana ƙaunar 'ya'yansa, kuma da yawanmu mun san kujerar da yake zama. Talabijin ma ba maƙiyiya ba ce. Baƙuwa ce mai surutu, ba ta gajiya, ba ta cewa "ku bari sai gobe". Duk wanda ya fi zama da yaro, muryarsa ce za ta fito daga bakin yaron. Allah bai ba akwati amanar 'ya'yanmu ba, mu ya ba. Saboda haka yau da yamma, ko da wuta, kai da hannunka ka kashe, ka kira su su zauna kusa da kai. Za su yi ƙorafi. Ka bar su su yi, su ma watarana za su zama iyaye.