Buhu Biyu Hajjo Ta Roƙa

An yi wani mutum a nan Zangon Sokode. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma abin da yake ɗauke da shi ya ishe shi. Ɗan kasuwa ne, mai sayar da siminti da kayan gini. Yana da mata ɗaya, Farida, da 'ya ɗaya, Khairiya, wadda suka samu bayan shekara goma sha ɗaya suna roƙon Allah.

A shekarun nan da tashin hankali ya taɓa iyakar arewa, mutanen ƙauyuka suka bar gonakinsu suka yi ta kwararowa garin Dapaong, sai tsoro ya shiga mutumin nan. Kullum waya tana kunnensa yana sauraron saƙonnin murya: wai za a rufe hanya, wai hatsi zai ɓace daga kasuwa. Sai ya fara tanadi. Ya sayo masara daga Kambole, ya haɗa da shinkafa da mai da gishiri da sabulu, har ashana bai bari ba.

Ku ji ni da kyau, ya 'yan uwa. Tanadi ba zunubi ba ne. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tara hatsi shekara bakwai. Amma da yunwa ta zo, buɗe rumbun ya yi.

Kun san halinmu a Zango. Idan aka ga an sauke maka buhu yau, gobe maƙwabciya za ta aiko da tasa, kuma a unguwar nan ba a mayar da tasa wayam. Haka muka gada daga iyayenmu fatake. Wannan al'ada ce mutumin nan ya ƙi jini. Don haka ya riƙa shigo da masarar a ƙarƙashin buhunan siminti, an lulluɓe da tamfal. Ya jibge ta a ɗakin ƙurya, ya toshe tagar da bulo, ya sa kwaɗo biyu. Ɗakin yana jikin ɗakin baƙi, kuma bangon da ya raba su bai kai rufin kwano ba, akwai tazara kamar tafin hannu. Da buhu ya kai arba'in, sai ya fara kallon maƙwabta kamar ɓarayi.

Da damina ta kankama, ya ji tsoron ƙwari. Ya sayo ƙwayar nan da ake cusawa cikin buhu, wadda ke fitar da iska mai guba. Mai sayarwa ya gargaɗe shi: "Alhaji, wannan ba ta cikin gida ba ce. In ka sa, kwana biyar kada wani ya kwanta kusa, ko kaza." Ya ce ya ji. Ranar Alhamis da safe ya zuba, ya ma ninka abin da aka ce masa, ya kulle.

A ranar, da azahar, ƙanwarsa Hajjo ta yi sallama. Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Tana aure a Dapaong, wajen wani mai fataucin shanu, Awaisu. Tun asuba take cikin mota. Maƙwabta biyu, Mahama da Djibril, suka shigo yi mata sannu da zuwa, a gabansu ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ta ce, "Yaya, dangin Awaisu duk sun gudo daga ƙauye, mu goma sha tara ne yanzu a gidan. Sau ɗaya muke ɗora tukunya. Ka taimake ni da masara buhu biyu, mu ga ƙarshen damina."

Ya dube ta, ya dubi maƙwabtan nan, ya tuna tasoshin da za su biyo baya in magana ta fita. Sai ya ce, "Wallahi Hajjo, ko mudu ɗaya na ajiya babu a gidan nan. Mu ma kullum sai an auno."

Ya rantse da Allah, yana zaune taku goma daga buhu arba'in. Farida ta sunkuyar da kai. Ta san da masarar, amma ba ta san da ƙwayar ba. Hajjo ta ce, "Ba komai, Yaya. Allah ya hore. Gobe sai in koma."

Farida ta share ɗakin baƙi, ta shimfiɗa tabarma. Shi yana tsaye a tsakar gida yana kallo. Magana ɗaya ta isa: kada a kwana a ɗakin nan. Amma in ya faɗa, za a ce don me? In aka ce don me, ina rantsuwar da ya yi? Sai ya gaya wa kansa ai akwai bango, ai kwana ɗaya ne.

Kada wani ya ce mini bai sani ba. Ya sani. Shaidar ita ce, da ya ga Khairiya ta ɗauki zanenta ta bi goggonta, ya kira ta ya ce ta dawo wajen uwarta. Yarinyar ta sa kuka. Hajjo ta yi dariya ta ce, "Bar mini ɗiyata, Yaya, yaushe rabona da ita?" Ya bar ta ta tafi. Ya so ya janye 'yarsa ya bar ƙanwarsa, Allah bai ba shi ko wannan ba.

Bayan la'asar ruwa ya sauko mai ƙarfi. Hajjo da Khairiya suka rufe ƙofa da taga. Ita kuwa ƙwayar, danshi ne ke tayar da ita.

Da gari ya waye, su biyun suna amai, numfashi yana yi musu wuya. Mahama da Djibril ne suka kai su asibiti. Likita ya duba, ya tambaya, "An sa maganin ƙwari a gidan?" Maƙwabtan suna tsaye a bakin ƙofa. Mutumin nan ya ce, "Babu. Wataƙila abincin hanya ne."

Da ya faɗi gaskiya, da sun tsira? Allah kaɗai ya sani. Abin da na sani shi ne, 'yarsa tana kwance tana neman iska, aka tambaye shi, ya zaɓi mutuncinsa.

Hajjo ta ji amsarsa. Ashe a hanya ta sayo gasasshen nama a garin Mango, tsarabar Khairiya, sun ci tare. Ta miƙo hannu ta kama rigarsa, da ƙyar muryarta ke fita. Ta ce, "Yaya, ni na ba ta naman. Ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe miki."

Na yi shekara talatin ina wa'azi, ban taɓa jin kalmar da ta fi wannan tayar mini da tsigar jiki ba.

Khairiya ta cika kafin a tafi sallar Juma'a. A nan Farida ta tuna wani wari kamar na tafarnuwa da ta ji tana shara, ta miƙe a gaban kowa ta ce, "Akwai masara a ɗakin da ke jikin nasu. Ku tambaye shi abin da ya zuba." Lokacin Hajjo ta riga ta fita hayyacinta. Ta rasu ranar Asabar, ba ta san ba ita ce sanadi ba. Ni na sallaci gawar duka biyun.

Ma'aikatan lafiya suka zo suka fasa tagar, suka bar ɗakin ya sha iska. Aka fito da buhunan tsakar gida, Zango duka tana kallo. Masara fes, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa ta ba. Aka ce bayan ta sha iska za a iya ci. Ranar sadakar bakwai ya sa aka ɗan ɗiba daga cikinta aka tuƙa tuwo, aka rarraba gida gida. Duk tasoshin suka dawo masa a rufe, yadda suka tafi. Farida ta koma gidan iyayenta a Blitta.

Sai ya ɗauki hayar babbar mota, ya loda buhu arba'in ɗin, ya tafi Dapaong. Ya tarar da Awaisu a ƙofar gida, ga marayun Hajjo, ga tsofaffin da suka gudo daga ƙauye. Ya durƙusa yana kuka, ya ce ga shi duka ya kawo. Awaisu bai ɗaga murya ba. Ya dubi direba ya ce, "Biyu ta roƙa. A sauke biyu, kada tafiyarta ta zama banza. Sauran ku mayar masa, ai ya biya su da tsada."

Sauran talatin da takwas suna nan a ɗakin. Babu mai saye, babu mai karɓa kyauta. Yanzu ƙwari sun gama da su. Hanyar da yake tsoron a rufe, har yau motoci suna bi. Kuna ganinsa a sahun baya, ya rame, in an idar da salla shi ke fara fita.

Ya 'yan uwa, ku yi tanadi, ban hana ku ba. Lokaci ne mai wuya. Amma hatsin da aka sa wa ƙwaya, a nesanta shi da inda mutane ke kwana. Kuma ku dubi abin da ya kashe mutum biyun nan kafin guba ta kashe su. Rowa ce ta sa shi ɓoyewa, ɓoyewa ta sa shi rantsuwar ƙarya, rantsuwar ta ɗaure masa baki a lokacin da magana ɗaya za ta ceci rai. Wanda ya tara abinci don tsoron masifa, ya rufe wa jininsa ƙofa, to wace masifa yake jira kuma? Duk mai ɗakin ƙurya a cikinku, ya koma gida yau ya tambayi kansa wa ya taɓa ce wa babu.

Allah ya jiƙan Hajjo da Khairiya. Shi kuma Allah ya karɓi tubarsa, don ƙofar tuba ba a kulle take ba. Allah ya kiyaye mu daga dukiyar da za mu rantse babu ita, ya kiyaye mu daga ranar da wanda muka zalunta zai roƙe mu gafara. Amin.